Sunan da Babu a Littafin Kanta

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan la'asar

An sako Jamilu yau da hantsi. Ba gida aka kawo shi ba, asibiti aka wuce da shi.

Littafin nan na awon jinina ne, shi ya zo hannu. Shekara talatin da biyu na yi ina aikin jinya, na saba rubuta abin da ya faru da lokacin da ya faru, ba ƙari ba ragi. Yau na riƙe biro na rasa ta inda zan fara.

Jamilu ɗan Delu ne. Ni da Delu katanga ɗaya ce tsakaninmu a Ƙofar Guga tun muna amare. Shi Jamilu tela ne a Babbar Kasuwa, 'ya'yansa biyu. Ranar Talata 'yan sanda suka ɗauke shi daga shago kan maganar wata waya da aka ce an sayar masa. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Ban shiga gidan Delu ba.

Asabar, 12 ga Yuli, hantsi

Matan unguwa sai shiga suke yi jaje, ina jin sallamarsu ta katanga. Na dama kunu, na sa mayafi, na kai zaure na tsaya. Na dawo na cire mayafin.

Ɗan gidan nan bai zo gaishe ni ba tun Talata. Ɗana na fari ne, bakina bai saba da sunansa ba. Delu ce mai kiransa. Ita ta goya shi shekarun da nake tafiya aiki, tare da Jamilu suka ci a akushi ɗaya. "Mudassir ɗina," haka take cewa har ya yi gemu. Ranar da ya fara sa kaki ni ɗaki na shige, ita ce ta rangaɗa guɗa a tsakar gidan nan. Yanzu kofur ne a caji ofis ɗin shiyyarmu.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan azahar

An yi ruwa tun safe. Ƙamshin ƙasa ya tuno min da gidanmu na kusa da Gobarau.

Babana ɗan doka ne tun zamanin En'e, kafin a haɗe su da 'yan sanda. Saje Sammani. Kekensa baƙi, kullum Juma'a sai ya kife shi a zaure ya goge shi da tsumma, ni ke riƙe masa gwangwanin mai. In mutum biyu suka yi rigima kan magudanar ruwa, zaurenmu suke zuwa, su fita suna dariya. Ba ya riƙe bindiga. Kulki kawai, shi ma yawanci a rataye yake a ƙusa. Mahauta in ya wuce sukan miƙe tsaye. Ni kuwa ina biye da shi, gani nake duk garin Katsina namu ne.

Wa ke miƙewa yanzu? Gudu ake yi.

Litinin, 14 ga Yuli, magariba

Teloli sun rufe shaguna, layinsu duka. An ce an taru a ƙofar caji ofis, an yi jifa. Na kira lambar ɗan gidan nan sau huɗu. Ba a ɗauka ba.

Jinina ɗari da saba'in. Ban shiga gidan Delu ba.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan la'asar

Malam Salihu ya zo. Tsohon hedimasta ne, shi ya koyar da rabin unguwar nan karatu. Mun daɗe a gaisuwa, ya tambayi ƙafata, na tambayi idonsa, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi.

An ɗauke dipi'o an kawo sabo. Dattawan unguwa sun je sun same shi, an yarda a kafa kwamitin mutanen gari, mutum bakwai, waɗanda za su riƙa sa ido kan gyaran da aka ce za a yi a caji ofis. Malami, ɗan kasuwa, lauya, tela, mai acaɓa, shi kansa, sai mace babba guda.

"Hajiya Hurera, matan unguwa ke suka ce."

Na ce, "Malam, ka san inda ɗana ke aiki."

"Na sani. Su ma sun sani. Sun ce babu gidan da ba ki shiga da jakar allura ba. Kuma ke ɗiyar Saje ce, kin san kaki, ba ya ba ki tsoro."

Na ce a ba ni kwana biyu. Da zai tashi na ji bakina ya ce, "Delu mi ta ce?"

Ya daɗe yana neman takalminsa. "Delu ba ta ce komi ba."

Alhamis, 17 ga Yuli, asuba

Da Baba na da rai da na tambaye shi.

Juma'a, 18 ga Yuli, hantsi

Na aika wa Malam Salihu na amince. Ban san ko don Jamilu na yi ba, ko don in kasance a ɗakin da za a ambaci wani suna.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan magariba

Zaman farko, a ajin firamare, kan bencin yara. Gwiwoyina sun sha wuya.

Lauyar yarinya ce, Barista Madina, ba ta fi talatin ba. Ni na yi mata allurar rigakafi, ita ba ta sani ba. Ta zo da takardu a buge. Abu uku ta ce in babu su kwamitin ado ne kawai. Mu iya shiga bayan kanta ba tare da sanarwa ba. Mu iya buɗe littafin da ake rubuta sunan duk wanda aka tsare. Kuma a gaya wa iyalin mutum inda yake kafin rana ta faɗi.

An kwashe awa guda ana gardamar suna. Wasu na son "kwamitin shawara" don kada hukuma ta ji haushi, telan ya ce shawara an sha ba su, ido ake so. Aka tashi da sunaye biyun a haɗe.

Ni kuma sai na kama labarin da. Na ce a zamanin babana ba a buƙatar kwamiti, kunya ce ke tsare ɗan doka, don ya san uwar wanda ya kama, ya san ubansa. Na yi ta magana, har na ji daɗin muryata.

Alhaji Sule mai hatsi, wanda ya haura tamanin, ya yi gyaran murya. Ya cire hularsa, ya sunkuyo da kai, ya nuna mana wani tabo a bayan kunnensa.

"Hajiya, Allah shi jiƙan Saje. Mutumin kirki ne. Wannan aikinsa ne. Ina ɗan shekara ashirin, an ce an sace buhun gero, ni kuma ina ɗaukar kaya a wurin. Bayan kwana biyu aka kama ɓarawon na gaskiya. Saje ya tako har gidanmu da goro ya ba uwata haƙuri. Amma tabon bai koma ba."

Ya mayar da hular. Ba wanda ya dube ni, sun kyauta.

Litinin, 21 ga Yuli, azahar

Kulkin nan na ƙusa. Wasu ranakun ƙusar babu komai a jikinta. Na san haka tun ina yarinya, ban taɓa tambayar kaina ina ya je ba.

Duk da haka ina kewarsa. Yau ma fiye da kullum.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan la'asar

Na je asibiti. Na bari sai da na ji Delu ta dawo gida girki, sannan na fita ta bayan layi kamar mai laifi.

Jamilu ya yi ƙoƙarin tashi zaune, na hana shi. Na duba hannun daman. Na ga irinsa a aiki, na san abin da ke kawo shi, ba zan rubuta ba. Yatsu uku. Likita ya ce wataƙila su dawo. Ni ma na sha faɗa wa mutane wataƙila.

Ya tambayi ƙafata. Yaron da ke kwance shi ke tambayar ƙafata.

Da zan tafi ya ce, "Hajiya, ba Mudassir ya taɓa ni ba. Wallahi ba shi ba ne. Har ruwa ya miƙo mani da ba kowa."

Na ce alhamdu lillahi. Da ma na tafi daga nan.

"Amma na ji muryar Inna," in ji shi. "Sau ukku ta zo. Talata da yamma, Laraba, Alhamis. Bango ɗaya ne tsakaninmu da kanta. Ina jin ta tana cewa, Mudassir, don Allah duba mani littahin. Ina jin amsar da aka ba ta."

Ban tambaye shi amsar ba. Ya juya fuskarsa bango.

A hanyar dawowa na sa mai Keke Napep ya bi da ni ta Gobarau. Gidanmu na da an rushe zauren an yi shagunan waya.

Alhamis, 24 ga Yuli, hantsi

Ko ban tambaya ba na san amsar: "Ba ya nan, Inna."

Asabar, 26 ga Yuli, bayan azahar

Mun gana da sabon dipi'o. Mutum ne mai ladabi, ba ɗan nan ba ne amma Hausarsa ta nuna. Ya sa an kawo mana kujeru da ruwan sanyi. Batun sanar da iyali ya karɓa nan take. Batun shiga bayan kanta ya ce sai dai mu rubuto takarda kwana uku kafin mu zo.

Barista ta ce, "Yallaɓai, a kwana uku ana iya fentin ɗaki."

Bai ji daɗi ba. Ya ce aikin tsaro na da sirri, farar hula ba su san shi ba. Sai na ji ina magana.

Na ce, "Yallaɓai, a asibiti akwai babbar sista da ke zagaye ba ta faɗi lokacin zuwanta ba. Mun tsane ta. Amma a ɗakin da take shiga ba a taɓa barin majinyaci cikin fitsarinsa ba. Ba don mu mugaye ne ba. Mutum in ya san ba mai leƙowa, hannunsa na yin nauyi."

Ya dube ni. "Hajiya, ke ce mahaifiyar kofur ɗina?"

Na ce ni ce.

Ya ce zai kai maganar sama.

Da muke fita na ga kantar. Katako ne dogo, gefensa ya yi santsi saboda hannayen mutane. Littafin na kai, babba mai baƙin bango. Wani ne a zaune, ba ɗan gidan nan ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, magariba

Ta katanga ina jin Delu na yi wa jikokinta wanka. Waƙar da take yi musu ita ce wadda ta yi wa su biyun. Na zauna a gindin katangar har ta gama.

Talata, 29 ga Yuli, bayan la'asar

Ɗan gidan nan ya zo. Ba kaki, doguwar riga ce a jikinsa, ta yi masa yawa. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum.

"Hajiya, ina wuni."

"Lafiya. Ya iyali?"

"Lafiya lau."

Na zuba masa dambu. Ya riƙe cokalin bai ci ba. Mu ba mu saba hira ba, ni da shi. Duk abin da ke ransa tun yana ƙarami, gidan Delu yake kaiwa, ita ta kawo mini. Yanzu babu mai kawowa.

Can ya ce, "An ce kada a rubuta shi. Wanda ya ce ya girme ni da igiya biyu. Na ɗauka kwana ɗaya ne a sake shi. Da Inna ta zo na buɗe littahin a gabanta, na juyo mata shi. Babu sunan. Ban yi ƙarya a kan littahin ba."

Na ce, "A kan littahin."

Ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suka fara rawa. Na kalli ƙofa.

"An ce za ku saurari maganar ranar bakwai ga wata," in ji shi. "In na faɗi abin da na sani, aikin ya tahi, ko a jefa ni wani ƙauye bakin daji. In na yi shiru, ba mai iya kama ni, don babu komi a rubuce. Hajiya, mi zan yi?"

Shekararsa talatin da huɗu, yau ya fara tambayata abin da zai yi.

Na ce, "Ni ban goya ka ba. Wadda ta goya ka tana bayan katangar nan. Ka tambayi kanka ko za ka iya shan ruwa a gidanta."

Ya tafi bai ci dambun ba. Na leƙa ta zaure. Ya tsaya a ƙofar Delu kamar minti guda, sannan ya hau babur.

Laraba, 30 ga Yuli, asuba

Na yi masa tsauri. Ko ban yi ba? Sumayya matarsa cikin wata bakwai gare ta.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan la'asar

Amsa ta zo daga sama. An yarda mutum biyu daga cikinmu su shiga ba sanarwa, amma da rana kawai, kuma sau biyu a mako. Littafi za mu gani, ba za mu ɗauki hotonsa ba. Telan ya ce rabin tuwo ne. Alhaji Sule ya ce mai yunwa ba ya raina rabi, a karɓa a ci gaba da neman miya.

Kafin a tashi na miƙe. Na ce ranar da za a saurari maganar Jamilu ba zan zauna a ciki ba, ɗana na cikin waɗanda za a tambaya. In suna ganin in bar kujerar gaba ɗaya, na bari.

Barista ta ce abin da ya dace ke nan, a rubuta. Mai acaɓa, Yusuf, ya ce, "Mama, ranar kawai. Kujerar taki ce. Mu duka nan akwai wanda ba shi da ɗan'uwa a kaki ko a bayan kanta?"

Ba wanda ya ɗaga hannu.

Litinin, 4 ga Agusta, azahar

An ƙaddamar da mu. Rumfa, lasifika, jawabai. An ba mu kati mai hoto a rataya a wuya. Hotona kamar na innata a shekarar da ta rasu.

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Ni da Yusuf muka fara zuwa, ƙarfe goma sha ɗaya, ba mu gaya wa kowa ba. Wani yaro ɗan sanda ne a kanta, ya yi ta kiran waya kafin ya buɗe mana.

Mutum tara a ciki. Na ƙirga su kamar yadda nake ƙirga gadaje. Na dawo na buɗe littafin, suna takwas.

Na ce, "Ɗana, saura ɗaya."

Ya ce yanzu aka kawo shi. Na koma na tambayi mutumin, wani dattijo mai faskare daga ƙauye, ya ce tun jiya da azahar. Na ce to a rubuta, da lokacin na gaskiya, ina tsaye. Ya rubuta. Yusuf ya karɓi kwatancen gidan da mutumin ke kwana, ya hau babur ya je ya gaya wa mutanen gidan.

Ba wani abu ba ne. Suna ɗaya. Amma da na dawo gida na zauna a zaure, ko takalmi ban cire ba.

Ɗakin ƙarami ne. Taga ɗaya can sama. Gaskiyar Jamilu, duk abin da aka faɗa a kanta ana ji.

Laraba, 6 ga Agusta, magariba

An sallamo Jamilu. Ɗan gidan nan bai kira ni ba. Ni ma ban kira shi ba. Gobe ne.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan la'asar

A ajin nan dai aka zauna, da dipi'o da wani babba daga hedikwata. Da aka buɗe da addu'a na ɗauki jakata na fito, kamar yadda na yi alkawari.

Benci ɗaya ne a barandar. Delu na kai.

Wata guda ban ga fuskarta ba. Ta rame, mayafinta na zuwa biki ne ta sa. An ce za a kira ta bayan Jamilu. Na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba. Na zauna a can ƙarshen bencin, inda kwano ya ƙare.

Sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta kusa. Wasu 'yan sanda biyu suka shiga suka fito, ba su daɗe ba. Na ce a raina ɗan gidan nan ba zai zo ba. Har na fara shirya yadda zan ci gaba da zama a unguwar nan.

Sai ga babur. Ya sauko cikin kaki, an goge shi har yana ɗaukar ido. Ya hau baranda, ya cire hula, ya wuce ni, ya durƙusa a gaban Delu, gwiwa biyu a siminti.

"Inna, ina kwana."

Ta kawar da kai.

"Inna, shina nan. Duk sau ukkun da kika zo, shina nan. Zan shiga in faɗa masu, da wanda ya ce kada a rubuta."

Delu ta dubi filin makaranta. Hannunta na murza bakin mayafi.

"Ai na sani," ta ce. "Tun ranar farko na sani. Kai ba ka iya ƙarya ba, kunnenka ke motsi. Tashi ka shiga, kada ka ɓata wandon."

Ba ta kira sunansa ba. Ya tashi ya shiga, aka rufe ƙofa.

Minti arba'in ya yi. Daga baya Malam Salihu ya gaya mini an karɓi bayaninsa a rubuce, an tafi da mutum biyu hedikwata, shi kuma an dakatar da shi har a gama bincike. Abin da zai biyo baya Allah kaɗai ya sani.

Amma lokacin ba mu san komai ba. Muna zaune, ita a can ni a nan, muna jin muryarsa ta ƙofa ba ma jin abin da yake faɗa. Hadari ya haɗo daga gabas, aka fara yayyafi, sannan ruwa ya sauko da ƙarfi. Iska na kaɗo shi gefena. Zanena ya jiƙe har gwiwa, ban motsa ba.

Delu ta ɗauke jakarta daga kan bencin ta ɗora a cinya. Har yanzu filin take kallo.

"Hurera," ta ce, "ki matso. Da wannan ƙafar taki kike zama cikin ruwa?"

Na matsa.